Ramin da Yatsa Ya Bari a Ƙafarki

New Bell, Duwala

'Yar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki sannu da hanya, ina gaida jikana, maigidana Habibu, wanda ya tattara ya bi ki ya bar ni ba ko sallamar kirki. Allah Ya sa kun sauka lafiya, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa Garwa ta karɓe ku da alheri. In kin bi abin da na ce, yanzu kina ɗakinki ke kaɗai, kin kwance gwangwanin da na ɗaure da tsumma, kin tarar da takardar nan a saman garin njanga, busasshen jatan landen nan. Na san tana ƙarnin kifi. Ki yi haƙuri, can ne kawai na tabbata babu mai sa hannu sai ke.

Kin san ni da baki. Duk layinmu babu wanda ban wanke ba, har mai kwasar shara ya san muryata. Amma ke, tun da na haife ki ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ido da ido ba. Ke ce ta fari, kuma haka muka tarar ana yi: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Shekara ashirin da uku ina ce miki "ke", in na so in kyauta in ce "'Yar Inna", don kakarki ta wajen uba ce ta yaye ki. Abin da baki ya kasa shi ne na ce bari biro ya gwada.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa ba. Kin burge ni. Ranar sunan Habibu, da gwaggonninki suka taru a kanki wai a ba jariri ruwa saboda zafin Duwala, ina bakin murhu ina jin ku. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki ɓata fuska ba, kika ce, "Gwaggo, a lopital likitoci sun ce nono kaɗai har wata shida, ruwansa yana ciki." Suka yi ta yi, kika yi ta murmushi, kofin ruwan kuwa ya koma inda ya fito. Na sunkuyar da kai ina tuƙa tuwo kamar ban ji ba, amma a raina guɗa nake yi. Kowane wata kin goya yaron nan kin kai shi awo, ko da ruwa ya cika layi sai an tattare zane. Katinsa yana cikin leda a jakarki, kina tattalinsa kamar takardar fili. Ni a shekarunki ban san rabin abin da kika sani ba, kuma ko na sani ba ni da ƙarfin halin da zan tsaya a kai.

Sai kuma shekaranjiya na ga abin da ya sa na nemi biro. Hajiya Kulu, ƙanwar surukarki da ta zo tafiya da ke, tana zaune a tsakar gida. Kina cin shinkafa da wake, Habibu ya rarrafo ya dafa gwiwarki ya buɗe baki. Kullum murtsuke wake kike yi ki sa masa. Ranar sai kika kau da kai kamar ba ki gan shi ba, har ƙanwarki ta zo ta ɗauke shi. Hajiya Kulu ta ce, "Kai, yarinya mai kunya, an yi tarbiyya a gidan nan." Kowa ya ji daɗi ban da ni. Na san wannan kau da kan, a wurina kika gaje shi, kuma na san inda ya taɓa kai mu. Yaro yana da wata goma, yaye yana tafe, ga shi za ki zauna cikin surukai inda kunya ta fi ta nan nauyi. Shi ya sa zan zazzage miki kurakuraina, ki ɗauki abin ɗauka.

Lokacin da nake da cikinki ba ni da abin so kamar kalaba, ƙasar nan da ake gasawa a kasa ta a faranti a bakin kasuwa. Ƙamshinta kaɗai sai yawuna ya tsinke. Ina ɓoye ta a bayan kwanuka, in ci, in kora da baƙin shayi mai kauri irin wanda babanki ya koyo a wurin abokansa na kasuwar Mboppi. Ƙwai an hana ni, wai yaro zai tashi da ɗauke-ɗauke. Hanta ni na hana kaina, don ƙarninta. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mu a awo kuwa suna tayar mini da zuciya, sai na riƙa tara su a bayan madubi. Na yi fari fat, mata suna cewa ciki ya karɓe ni, lallai mace ce. In na ɗebo ruwa bokiti ɗaya sai na zauna ina haki, zuciyata tana bugawa kamar an biyo ni. Ranar haihuwarki jinin da na zubar bai kai wanda zai kayar da mai lafiya ba, amma ni sai na tafi, ban san inda nake ba. Babanki da wani abokinsa ne suka ba da jinin da aka ƙara mini. Ungozomar lopital ta ja fatar idona ƙasa ta nuna masa, ta ce nan ja ya kamata ya zama, ga shi fari. Ita ta gaya mana cewa kwaɗayin cin ƙasa sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, kuma ƙasar da shayin duk suna hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci.

To, in Allah Ya kawo na biyu, ki haɗiye ƙwayoyin nan ko da kina ɓata fuska. Ki ci wake da kifi da nama da ganye, hanta jefi-jefi, ki bi abinci da lemu ko gwaiba, don suna taimaka wa jiki ya ɗauki abin da ke ciki. Shayi ba a hana ki ba, amma ki bar tazara tsakaninsa da abinci. Na san mutanen Garwa da shayi, za a miƙo miki kafin ki wanke hannu. Ki karɓa ki ajiye, ki sha daga baya. Duk ranar da kika ji ranki yana son ƙasa, kada ki aika a sayo, ki je a duba jininki.

Kuskure na biyu girman kai ne. A New Bell aka haife ni, a nan aka haifi uwata, amma mun tashi muna ɗaukar kanmu baƙi masu jiran kaya daga arewa. A wurinmu miya ba ta cika miya ba sai da kuka da busasshiyar kuɓewar da suka yi wata da watanni a buhu. Ga ɗanyen ganye shar a kowace kusurwa, ga ndole, ga ganyen rogo, ga folon, wanda sai daga baya na gane alayyahu ne kawai ya sauya suna, amma muna wucewa muna cewa abincinsu ne. Manja kuwa in dole ta sa na saya, sai in ɗora shi a wuta ya yi ta hayaƙi har jan ya fita ya koma kamar man gyada, don kada a ce miyata irin ta maƙwabta ce.

Kina da wata biyar a bayana na fara wani abu. Da an kira magariba sai duniya ta rufe mini. Katakon da muke takawa mu tsallake kwata a ƙofar gida, wanda na sani tun ina yarinya, sai na laluba shi da ƙafa. Wata rana na zurma har gwiwa, kina baya. Wadda ta ciro ni ita ce Mama Odil, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Basa, mai sayar da bandar kifi da ganye a kasuwar Dakar. Kin san ta da kyau yanzu, amma a lokacin gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ta wanke mini ƙafa a famfonta, ta tambaye ni, na gaya mata. Ta ce da Hausarta da ta koya a unguwa, "Ma sœur, 'yar'uwata, kullum ina shaƙar hayaƙin manjanki ta katanga. Ƙone amfanin kike yi, ki ci abin da ya rage." Washegari ta turo mini kwano, folon da jan manja da yankan gwanda a gefe, ta ce babu komai a ciki sai kifi, ta san dokarmu. Inna surukata da ta ji labari ta ce ai dundumi ne, ta gasa hanta ta kawo mini har ɗaki. Kafin mako ya zagayo ina ganin katakon nan da magariba har da ƙusoshinsa.

Daga baya a awo aka bayyana mana cewa abin da ido yake buƙata yana cikin jan manja da gwanda da mangwaro da karas da kabewa da ganye da hanta, kuma rashinsa yana iya makantar da yaro gaba ɗaya. Na sa miki gora guda ta manja a cikin kaya. Ki zuba shi dab da saukewa, kada ki bari ya yi hayaƙi. In sun yi dariya sun ce 'yar kudu ta zo da miyar kudu, ki taya su dariyar ki ci gaba. Can ma Allah Ya yi musu arziki, zogale a bayan kowane ɗaki, ga rama da yakuwa da tafasa, ga gyada, ga kifin Binuwai, ga nono. Kada ki raina abin da ƙasar da kike zaune take fitarwa, ni na yi na gani. Gishiri kuma ki sayi na leda wanda aka rubuta akwai ayodin a ciki, ki rufe shi. Kin tuna ƙanwar babanki da ba ta rabuwa da mayafi a wuya ko ana zafi? Maƙoƙo take rufewa.

Waɗannan biyun jikina suka taɓa. Na uku jikinki ya taɓa, kuma shi ne dalilin takardar nan. Ba a taɓa gaya miki ba, don ni na roƙi kowa ya yi shiru.

Kina da shekara ɗaya da wata biyu na samu cikin ƙaninki. Ranar da aka gane, ranar aka ce a cire ki daga nono, wai nonon mai ciki yana sa wa yaro ciwo. Aka shafa mini maɗaci, Inna ta goya ki ta tafi da ke gidanta a unguwar Nylon, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Kada ki taɓa zargin Inna. Matar nan ta so ki fiye da ranta. Abin da ta sani shi ta yi. Kokon masara da sukari da safe, koko da rana, koko da yamma, wani lokaci ta jiƙa miki burodi a shayi, ko ta ba ki guntun bobolo na rogo ki yi ta tsotsa. Ƙwai ba a ba yaro, nama yana sa tsutsar ciki, kifi akwai ƙaya, wake ya yi miki nauyi. Cikinki bai taɓa zama babu komai ba, ko sau ɗaya.

Duk Juma'a nake zuwa gaishe ta. In zauna a can gefen tabarma, in gaida kowa, ke kuwa ko kallonki ba na yi sai ta gefen ido. Amma gefen idon uwa yana gani. Na ga kumatunki sun cika, ƙafafunki sun yi suntum. Matan gidan suna cewa, "Hannun Inna da albarka, dubi yadda ta yi ƙiba." Na ga gashinki, wanda kika zo da shi baƙi wuluk, ya yi ja ya yi laushi, in aka shafa sai ya biyo hannu. Na ga kin daina tafiyar da kika fara, kina zaune inda aka ajiye ki, ba dariya, ba ɓarna, kuka ma a hankali kike yi kamar kin gaji. Daga nan zawo ya shigo, fatar cinyoyinki ta fara saɓulewa kamar ƙuna. Sai magana ta sauya, aka ce ai kin riga kin sha nonon ciki, wasu suka ce baki ne, aka kawo jiƙe-jiƙe. Duk ina gani. Ina komawa gida in shiga ɗaki in yi kuka, in wanke fuska in fito in ɗora tukunya. Wata uku ina haka. Ina tsoron a ce ba ni da kunya, na tsaya ina duba 'yar fari a gaban surukata.

Wata rana Inna ta goya ki ta je kasuwar Dakar sayen daddawa, ta bi ta gaban teburin Mama Odil. Odil ta kama ƙafarki tana yi miki wasa, sai ta danna babban yatsanta a kan ƙafar, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Matar nan ta bar wa maƙwabciyarta kifinta da ganyenta da tsakar rana, ta hau mashin ta zo New Bell. Ina wanki ta shigo ba sallama.

Ta ce, "Yaushe rabonki da ki taɓa 'yarki?"

Na ce, "Ai 'yar Inna ce, tana hannu mai kyau."

Ta ce, "Ban tambaye ki hannun wa take ba. Cewa na yi yaushe kika taɓa ta?"

Na ci gaba da cuɗa wankina. Ta ja kujera ta zauna a gabana, ta ce, "Shekara goma sha biyar ina cikinku. Na koyi yarenku, na ci tuwonku, na je sunanku da jana'izarku. Kuna da kirki, kuna da kara. Amma wannan abu ban gane shi ba. Yarinyar ba ƙiba ta yi ba, ruwa ne. Na ga irinsa a ƙauyenmu, yaran da ake ba rogo kaɗai. In kin bar ta wata ɗaya, ba za ki sami wadda za ki ji kunyarta ba."

Ko hannuna ban ɗauraye ba na ɗauki mayafi. Hadari ya riga ya haɗu, kafin mu kai Nylon ruwa ya tsuge, muka ƙarasa da ƙafa a kan katakai da duwatsun da ake jerawa, ga ciki wata biyar, Odil tana riƙe da hannuna. Na shiga gidan Inna sharkaf. Mata huɗu suna zaune a rumfa, kina bayan Inna. Ban durƙusa ba, ban gaida kowa ba, na ce, "Inna, ba ni ita." Wata daga cikinsu ta riƙe haɓa ta ce, "Yau ga ikon Allah, 'yar fari?" Na sha jinin jikina, na ɗauka yau Inna za ta wanke ni tas a gaban jama'a.

Inna ta dube ni. Sai ta kwance majanyi da kanta, ta juyo da ke ta sa ki a hannuna. Ta ce, "Na ga kina satar kallonta duk Juma'a. Ni ma haka na saci kallon nawa na fari a hannun surukata, ya kumbura kamar wannan, ban ce komai ba har aka fita da shi. Ɗauko mayafina mu tafi." Sai ranar na san babanki ba shi ne ɗanta na fari ba. Tsohuwar nan ta taka ruwa har gwiwa tare da mu, ba ta waiwayi masu riƙe haɓa ba. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta. Ban taɓa ganin girma irin nata na ranar ba.

A lopital ma'aikaciyar da ta karɓe ki ta danna ƙafarki kamar yadda Odil ta yi, ta dubi gashinki, ta ce tamowa ce, irin mai kumburi. Ta ce ba baki ba ne, ba nonon ciki ba ne, yunwa ce a cikin cikakken ciki, don koko ruwa ne da gari, babu abin da zai gina jikin yaro. Sai ta ɗauki biro ta dube ni ta ce, "Sunanta?" Kina hannuna, idonki a rufe, na buɗe baki sunan ya ƙi fita. Ta sake tambaya da Faransanci, a zatonta ban ji ba. Inna ce ta faɗa. Matar ta ce, "To wace ce uwar a cikinku?"

Mako uku muka yi. Wata madara ta musamman suka riƙa ba ki kaɗan-kaɗan da cokali, sun ce in aka ɗura miki abinci da yawa lokaci ɗaya cutar da ke zai yi. Da kumburin ya saɓe sai ainihin jikinki ya fito, ƙashi da fata, ƙibar da ake yabo ba ta bar komai ba. Ranar da kika miƙa hannu kika fizge ɗankwalin Inna kika yi dariya, ma'aikaciyar ta ce kin juyo. Da aka sallame mu, gida na kawo ki, Inna ta tattaro kayanta ta biyo mu. Odil ta koya mini in daka njanga da gyada in zuba a kununki, in ɗiga jan manja, in murtsuke wake da kifi da ganye. Ƙwai na farko da kika ci Inna ce ta ɓare shi da hannunta, ta ce, "In za ta yi sata, ta fara da ni." Kin kuwa cika mata alkawari, don duk goronta da alewarta ke kika riƙa kwashewa. Ni ma har yau ina neman ɗankwalina mai ruwan ganye, in kin gan shi a akwatinki ki gaishe shi.

Kina yawan tsokanar kanki cewa ƙannenki duk sun fi ki tsawo don Inna kika biyo. Inna doguwa ce kafin tsufa ya tanƙwara ta. An gaya mini tun a lopital cewa yaron da ya sha irin wannan wahala a shekarunsa biyu na farko ba lallai ne ya cim ma tsawon da zai yi ba. Ban san gaibu ba, amma duk lokacin da na ga kin taka kujera za ki ɗauko abu a kan kabad, ina ganin wata ukun nan da na yi shiru. Ki yafe mini. Abin da ya rage miki a tsawo Allah Ya cika miki shi a hankali da zuciya, wannan kowa ya shaida, ni ma yau na shaida a rubuce.

Yanzu ga abin da nake roƙonki. Ki girmama surukarki, ki durƙusa mata, kada ki kira sunan da ba a kira, ki yi duk kunyar da kika ga dama a kan tufafi da magana da zama. Amma kada ki yi kunya a kan kwanon Habibu. Ki ci gaba da ba shi nono har ya kai shekara biyu. In wani cikin ya shigo kafin nan, ki je awo ki tambaya kafin kowa ya shafa miki maɗaci. In sun ce al'ada ce kakarsa ta yaye shi, kada ki yi musu, ki dafa da hannunki ki kai mata ki ce, "Hajiya, ga abincin maigidanki," ki zauna kusa har ya cinye. Tsofaffi ba su ƙin a ba jikansu abu mai kyau, abin da suke ƙi shi ne a nuna musu ba su iya ba. Kada kununsa ya fita daga hannunki ba gyada ko garin njanga ko nono ko ƙwai a ciki, kuma ya yi kauri. Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai, don in aka haɗa shi da manyan yara a tire ɗaya zai tashi da maiƙo a baki da yunwa a ciki.

Kuma ki taɓa shi. Wannan ne babba. Kullum in kin yi masa wanka ki danna yatsa a kan ƙafarsa ki ga ko wurin ya taso. Ki shafa gashinsa, ki ja fatar idonsa ki ga ja ne ko fari, ki duba gefen bakinsa ko ya tsage, ki lura ko yana tuntuɓe da magariba. In ya yi shiru da yawa kada ki yarda da masu cewa yaro ne mai haƙuri. Duk abin da bai yi miki ba, ki goya shi ki tafi lopital, ko a gaban wa kike zaune. In sun ce ba ki da kunya, ki ce uwarki ce ta sa ki, ki ba su lambata, kin san ba na gajiya da magana.

Mama Odil ta ce in gaya miki ita ta daka njangar, kuma in ta ƙare ki yi waya. Babanki yana gaishe ki, shi bai san na rubuta wannan ba.

Allah Ya raya Habibu, Ya ba shi ƙashi mai ƙarfi da ido mai gani da jini wadatacce. Allah Ya sa surukarki ta zame miki irin Inna, Ya haɗa ki da maƙwabciya irin Odil. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya kare ki daga ciwo da baƙin ciki, Ya zaunar da ke lafiya a ɗakinki.

Wancan karon an tambaye ni sunanki na kasa, Inna ta amsa mini. Yanzu babu Inna, amma ga shi. Allah Ya yi miki albarka, Safiyatu. Safiyatu, 'yata.

Wassalam,
Mahaifiyarki